Mu kai yaranmu su ga kufan Diy-Gid-Biy a duwatsun Mandara

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira ya kuma ja zamanin wannan jarida tamu. Ni mai karatunku ne daga nan Marwa, jihar Arewa Mai Nisa a Kamaru, dan Allah a bani fili in ɗan yi magana akan wani abu da ya daɗe yana cina a rai, wasiƙar zata ɗan yi tsawo amma a yi haƙuri dani.

A watan Yuli na 2025 hukumar UNESCO a zamanta na birnin Paris ta saka wani wuri namu na nan arewa cikin jerin wuraren tarihi na duniya, wato kufan Diy-Gid-Biy dake kan duwatsun Mandara a yankin Mayo-Tsanaga. Kafin wannan Kamaru wurare biyu kawai gareta a jerin, dajin Dja tun 1987 da kuma dajin Sangha da muke tarayya da Kwango Brazzaville da Afirka ta Tsakiya tun 2012, kuma dukkansu dazuka ne can kudu. Wannan shine karo na farko da aka ɗauki ginin hannun ɗan Adam daga ƙasarmu aka ce duniya ta zo ta gani, kuma a ina yake? A bayan gidanmu. Amma wallahi ni dai a majalisarmu ta kasuwa ban ji wanda ya ɗago maganar ba, a jaridun Hausa ma ban ci karo da ita ba, mutane sun fi sanin sakamakon ƙwallon Ingila da na Sifen akan wannan. Abin ya dameni sosai shi yasa na ɗauko waya nake rubuta maka.

Ka san yadda muke yin hutu a nan. Da an rufe lekol, wato makarantar boko, sai a tattara yara a tura su Garwa ko Ngaundare wajen 'yan uwa, mai hali ya tsallaka da su Mubi ko Yola ko Kano, wanda bashi da hali kuma yaran su zauna a gida daga waya sai talabijin har a koma. Zumunci abu ne mai kyau ba wanda ya isa ya ce ba haka ba. Sai dai yaro ya girma a Marwa kullum da yamma yana hango duwatsu ta yamma da gari amma bai san me ke kansu ba, bai san su waye a can ba in banda wanda ya zo ya yi musu gini ko ya sayar musu da itace, wannan kam gaskiya akwai gyara. Shi yasa a hutun Disamba, lokacin da damina ta wuce hanya ta bushe sanyi ya sauko, na kwashi uwargida da yara da ƙanina muka tafi mu gani da idonmu.

Kafin mu tafi sai da aka yi muhawara a gida. Hajiya mahaifiyata tace, kai yanzu ka rasa inda zaka kai min jikoki sai wajen tsafin mutanen dutse? Ban yi mata musu ba, uwa ce kuma tsoronta na gaskiya ne, nace Hajiya ki bari in tambayi Malam, in yace babu kyau shikenan an fasa. Da na je wajen malaminmu bayan sallar isha'i sai ya karanto min ayar da Allah yake cewa ku yi tafiya a cikin ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace ku ya kasance, yace wannan umarni ya maimaitu a Alƙur'ani ba sau ɗaya ba. Sannan ya ja min kunne akan abu biyu, yace kar ku shiga cikin wata hidimar bauta tasu, kar kuma ku je da niyyar neman tabarraki ko biyan buƙata a wajen dutse, ku je ku duba ku ɗauki darasi ku dawo. Ya kuma kawo min hadisin wucewar Manzon Allah (SAW) ta Hijr, garin Samudawa, yace wancan wuri ne da nassi ya tabbatar an saukar da azaba shi yasa aka ce kar a shiga sai ana kuka, ba kowane tsohon kango bane yake da wannan hukuncin. Da na dawo na faɗa wa Hajiya sai tace to Allah ya kiyaye hanya, amma ku dawo min kafin magariba. Na kawo wannan ne saboda na san da yawa daga masu karatu abin da zai fara zuwa ransu kenan, kuma gara mutum ya tambayi malaminsa ya samu natsuwa da ya zauna yana zato.

Daga Marwa zuwa Mokolo wajen kilomita 80 ne, akwai motocin ajans, wato na kamfanonin sufuri, kullum, mu dai hayar mota muka yi saboda yara. Daga Mokolo sai ka ɗauki hanyar Koza, to anan ne fa ido zai fara cin abinci, hanya ce mai hawa da gangara tana lanƙwasa tsakanin duwatsu, ka duba dama ka duba hagu duk inda idonka ya kai dutse ne amma an yanka shi hawa-hawa an mai da shi gona. Mutanen Mafa ne suka yi wannan aikin da hannunsu kaka da kakanni, suna jera ƙananan duwatsu su yi katanga gajeriya ta tare ƙasa da ruwan sama kar su gangare, sai su shuka a bayanta, sama da ita kuma wata katangar, haka haka har ƙololuwa. Shekara guda dawa, shekara mai zuwa gero da wake, haka suke juya gonar kar ta gaji. Gidajensu kuma ba a dunƙule suke kamar namu ba, kowane magidanci da nasa gidan a tsakiyar gonarsa, ɗakuna zagayayyu na dutse manne da juna da jinka mai tsini sosai. Uwargida da ta taso a gidan noma tayi shiru tana kallo can tace, Alhaji wanda ya noma wannan wajen ai ba a ce masa malalaci. Wallahi gaskiyarta.

Mun tsaya a Koza muka gaisa da hukuma muka faɗi inda zamu, daga nan aka haɗa mu da wani dattijo ɗan yankin da zai mana jagora, yana jin Fulatanci sosai da ɗan Faransanci don haka magana bata yi wuya ba. Mota tana da iyakar inda take zuwa, sauran da ƙafa ne. Hawan ba wasa bane in gaya maka gaskiya, ƙaramar 'yata sai da kawunta ya ɗauke ta a wuya a wasu wuraren, amma manyan yaran kam gudu suke suna riga mu, dattijon nan kuma da ya girme ni nesa ba kusa ba ko haki baya yi.

Da muka iso sai na gane dalilin da yasa masana suka dage akan wajen nan. Duk hanya mun saba ganin katangar gona, duwatsu ne an ɗora su yadda suka samu. Wannan ginin daban ne. Fuskar katangar a miƙe take sumul, kowane dutse an zaɓo shi an juya shi an zaunar da shi akan ɗan uwansa, inda rata ta rage an cusa 'yan ƙananan duwatsu an toshe, babu laka babu siminti babu komai a tsakani, nauyin dutsen da iya jerawa kawai ke riƙe da shi shekaru ɗaruruwa ana ruwa ana iska. Akwai dandamali da aka cike da duwatsu aka daidaita samansa, akwai matakala, akwai wani siririn lungu da ake bi ta cikin ginin mutum ɗaya-ɗaya. Babban ɗana dake lise, wato babbar sakandare, yana son ya karanci gine-gine ya tsuguna yana bin layin duwatsun da ido ya ɗago yace Baba to da me suka auna? Nace tambayi Baba dattijo. Dattijon yayi murmushi yace su ma haka kakanninsu suka tarar da shi, kuma har yau a cikinsu masu iya jera dutse suna zuwa su duba su jinjina.

Abin da aka tabbatar shine wurare 16 ne irin wannan a warwatse cikin ƙauyuka 7, a kewayen dutsen Oupay wanda shine mafi tsawo a duwatsun Mandara, mita 1,494. An gina su tsakanin ƙarni na 12 da na 17, ka ga kenan wasunsu sun girmi jihadin Shehu Usmanu da shekaru ɗaruruwa, sun girmi zuwan Modibbo Adama da kafa lamidancin da muka sani a Adamawa da nan Diamare, lokacin da ake jera wasu daga duwatsun nan daular Barno ce da masarautar Wandala ke tashe a filin ƙasa, kuma Kerawa tsohuwar hedkwatar Wandala ba ta da nisa daga wajen. Masu binciken tono ƙasa, irinsu Nicholas David na jami'ar Calgary a Kanada da Scott MacEachern, sun yi shekaru suna aiki a wuraren tare da 'yan Kamaru, su ne suka sa musu lamba DGB-1, DGB-2 har zuwa ƙarshe. Ɗaya daga bayanan da aka bayar shine ba ganuwar yaƙi bace, wurin taro ne na hidimomin neman ruwa da albarkar haihuwa da amfanin gona a wani zamani da fari ya tsananta a yankin tafkin Chadi wajen ƙarni na 15. Ni da na tsaya a kan dandamalin na kalli yadda fili ya buɗe a gabansa sai naga bayanin ya zauna, wajen an yi shi ne don jama'a su taru su ga abin da ake yi a sama. Kuma duk wanda ya taɓa ganin shekarar da ruwa ya ƙi sauka a ƙasarmu ta Sahel ya san yadda hankalin mutane ke tashi. Mu Allah ya bamu sallar roƙon ruwa alhamdulillahi, su a zamaninsu da abin da suka sani suka kama, amma damuwar ɗaya ce, yunwar yara.

Har yanzu Mafa suna girmama wuraren, akwai inda zaka ga an ajiye tukwane a gindin katanga, dattijon ya nuna mana daga nesa yace nan ba a taɓawa, muka ce to. Na ja wa yara kunne tun a mota kuma alhamdulillahi sun kiyaye.

Muna zaune muna hutawa a inuwa muna cin ɗan guzurin da uwargida ta haɗo, soyayyen nama da burodi da ruwan zoɓo, sai 'yata ta tsakiya tayi tambayar da ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙar. Tace Baba me yasa suke zaune a nan sama inda ba ruwa ba hanya, ga fili can ƙasa shimfiɗe? Malam Edita wannan tambayar tana da amsa kuma amsar ta shafe mu. Mutane sun daɗe akan duwatsun nan tun kafin kowa ya kore su, kufan da kansa shaida ne. Amma abin da ya hana su saukowa shekaru aru-aru, ya kuma sa wasu suka gudo daga fili suka hau, shine farautar bayi. Masarautar Wandala, wadda sarakunanta suka karɓi Musulunci a farkon ƙarni na 18, tana kai hari kan dutse tana sayar da mutane zuwa Barno, bayan nan lamidan Fulani ma suka yi nasu. Ba ma sai an je nesa ba, Hamman Yaji sarkin Madagali har cikin zamanin Turawa yana tura mayaƙa da bindiga kan ƙauyukan dutse har da Sukur, kuma yasa an rubuta masa lissafin hare-haren da adadin mutanen da aka kamo a littafin ajiyar kwanakinsa, sai a 1927 Turawan Ingila suka tuɓe shi. 1927 fa, akwai tsofaffi a can da iyayensu suka ga abin da idonsu. Mu Hausawa fatake ne a wannan ƙasar, kasuwannin da ake kai mutanen nan kakanninmu suna cikinsu suna saye da sayarwa, wannan ba abin ɓoyewa bane. Na faɗa wa 'yata haka a gaban dattijon, da Fulatanci don ya ji, bai ce komai ba illa ya gyaɗa kai.

To abin da ke min ciwo shine har gobe akwai ragowar wannan kallon a bakinmu. Sunayen raini da ake kiransu da su a kasuwa da cikin gidajenmu kowa ya sansu ba sai na rubuta ba. Yaro yana ji babansa yana faɗi shima ya ɗauka, ya tashi da tunanin cewa mutanen dutse basu da tarihi basu da wayewa sai dai ƙarfi na dako da leburanci. Wa'azi nawa zaka yi wa yaro akan cewa Allah ya girmama ɗan Adam ya kuma yi mu ƙabilu don mu san juna, amma in ya tsaya gaban katangar nan ya ga aikin da idonsa, ya ga dattijo ɗan Mafa shine malami babansa shine ɗalibi, wannan yafi shiga. Tun da muka dawo na lura da yadda babban ɗana yake gaida magina 'yan Mokolo dake aiki a layinmu, har tsayawa yake yana tambayarsu yadda ake zaunar da dutse a tushen gini. A cikin Mafa yau akwai Musulmi akwai Kirista akwai masu bin al'adar gargajiya, akwai likitoci da malaman jami'a da hafsoshin soja, kuma makwabtanmu ne da bamu da wasu, Boko Haram da ta zo bata tambayi waye ɗan dutse waye ɗan fili ba.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya tafi da tsammanin zai ga birni guda akan dutse. Yarana sun nuna min hoton Machu Picchu a waya, wancan garin na Inka dake ƙasar Peru wanda aka gina a ƙarni na 15 a tsawon mita 2,430, wani Ba'amurke Hiram Bingham ya tallata shi ga duniya a 1911, UNESCO ta saka shi a jeri a 1983, yanzu mutum sama da miliyan ɗaya ke zuwa a shekara. Namu bai kai wannan girman ba ko kusa, wurare ne ƙanana a warwatse wasu ma sun rushe sai an nuna maka zaka gane. Haka bai kai Babbar Zimbabwe ba mai katanga har mita 11, wadda Turawan mulkin mallaka suka yi ta ƙaryata cewa baƙar fata ne ya gina ta har sai da bincike ya ƙaryata su, ƙasar ma ta ɗauki sunanta a 1980. Amma fasahar iri ɗaya ce, jera dutse ba tare da laka ba, kuma a duk wannan yanki namu na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya irin wannan ginin ba kasafai ake samunsa ba. Sannan zuwa Peru sai ka sayar da gida, wannan kuwa kuɗin mota ne da na jagora da guzuri, ka je ka dawo ka kwana a ɗakinka.

'Yan uwanmu na Najeriya masu karanta wannan jarida ku ma kuna da naku a ɗaya gefen dutsen, Sukur a ƙaramar hukumar Madagali jihar Adamawa, wanda ya shiga jerin UNESCO tun 1999, shine ma na farko a Najeriya. Can akwai fadar Hidi, wato sarkin Sukur, da hanyoyi da aka shimfiɗe da dutse daga gindi har sama, kuma mutanen Sukur sun shahara da narka ƙarfe, baƙin yashi suke tarawa daga rafuka bayan ruwan sama su narka shi su fitar da ƙarfen da ake kaiwa har Barno ana ƙera fartanya da makamai. Dutse ɗaya ne, Turawa ne suka ratsa iyaka ta tsakiyarsa. Sukur ma ya sha wuya, 'yan Boko Haram sun hau sun ƙona gidaje a 2014.

Wannan ya kawo ni kan maganar tsaro wadda bazan ɓoye ba. A da kafin rikici Turawa cike suke da yankin nan a lokacin sanyi, daga Waza su wuce Mora da Oudjilla su bi ta Koza su kwana a Rhumsiki suna ɗaukar hoton dogon dutsen nan na Kapsiki, direbobi da masu otal da masu saƙa da masu sassaƙa duk suna ci. Tun da aka sace wasu iyalin Faransawa su bakwai kusa da Dabanga a watan Fabrairun 2013 abin ya mutu murus, a shekarar ne kuma aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo don 'yan gudun hijirar Najeriya. Har yanzu ƙauyukan da ke bakin iyaka irin na Mayo-Moskota da Tourou ana kai musu hari jefi-jefi, mutane da yawa sun bar gidajensu. Don haka ban ce kowa ya ɗauki iyali ya kama hanya kai tsaye ba. Ka tambaya tukuna, ka kira wanda ka sani a Mokolo ko Koza, ka je wajen jandarma ko ofishin sufurfe, wato jami'in gwamnati mai kula da yankin, ka ji halin da ake ciki a makon, in sun ce kar a je to kar a je, rai ya fi kallo. In an ce lafiya ka fita da sassafe, kowa da katin shaidarsa a aljihu saboda shingayen bincike, kar ka yarda la'asar ta same ka a sama. Mu haka muka yi kuma bamu ga komai ba sai alheri, 'yan bangar ƙauyen ma har rakiya suka mana wani wajen.

Sauran 'yan shawarwari ga mai niyya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shine lokaci, Maris da Afrilu zafin dutsen zai gasa yara, damina kuma hanya bata biyuwa ga santsi. A sa takalmi mai rufi ba silifa ba, mata ma haka, uwargida da takalmin makarantar 'yarta ta hau kuma ta gode Allah. A ɗebi ruwa da yawa na sha da na alwala don a sama ruwa wahala yake, kar ka je ka shanye wa mutane wanda matansu suka hau dashi a ka tun asuba. Tsoho mai ciwon gwiwa da mai juna biyu gara su tsaya a Mokolo, in ranar Laraba ce ma kasuwa ke ci sai su yi kallo su yi sayayya. In an miƙo maka bilbil a ƙwarya, wato giyar dawa da suke yi, don karramawa aka miƙo ba don cin fuska ba, ka ce na gode addinina ya hana cikin fara'a, sun san Musulmi sarai ba zasu ji haushi ba. Kar ka ɗauki hoton mutum ko cikin gidansa sai ka tambaya. Uwa uba kar a bar yara su hau kan katanga don hoto, kar a zaro dutse ko guda a ce tsaraba, kar a rubuta suna. Mun ga inda wani ɓangare ya zube, saiwar bishiya ta shiga tsakanin duwatsun ta ture su, ruwan sama ma yana nasa aikin, ba sai mun ƙara da namu ba, ginin da ba laka in ka cire ɗaya na kusa dashi ma ya saki.

Wani abu da uwargida ta dage sai na saka a wasiƙar nan shine maganar kuɗi. Tace in dai za a riƙa zuwa to amfanin ya tsaya a hannun mutanen ƙauyen. Ka biya jagora da kyau kar ka tsaya cinikin da kake yi a kasuwar Marwa, mutumin nan ya bar gonarsa ko dabbobinsa ya yini da kai. Ka gaida mai gari da ɗan goro ko sukari kamar yadda muka saba a al'adarmu. A hanyar dawowa akwai Djingliya inda masu sana'ar hannu suke da ƙungiya suna sayar da kwanduna da tukwane da kayan ƙira, a tsaya a saya. Ita abin da ya fi taɓa ta ma ba katangar bace, matan da ta gani ne suna hawa da jarka a ka da goyo a baya, tace wanda duk zai yi maganar raya wajen nan ya fara da rijiyar burtsatse. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, don mutumin da yake kwana da tunanin ruwa da tsoron hari in yaga baƙi suna zuwa suna tafiya shi bai ga komai ba, ranar da yake buƙatar dutsen gyara gonarsa katangar tarihi zai duba.

Roƙona gareka Malam Edita shine ka turo wakili ya zo ya hau da ƙafarsa a wannan rani in hali ya yi, ya zauna da dattawan Mafa ya ji daga bakinsu ya rubuta mana da Hausa dalla-dalla da hotuna, in ya biyo ta Marwa masauki da abinci suna wuyana. Ina kuma kira ga masu makarantun Islamiyya da na Faranko-Arab na Marwa da Mora da Mokolo da Garwa, yadda kuke haɗa yara ku kai su musabaƙa ku haɗa manyan aji ku kai su nan ko sau ɗaya a shekara da izinin hukuma, malamin tarihi da malamin addini su tafi tare kowa ya yi nasa bayanin. 'Yan uwanmu na Njamena da Kusiri ma hanya a buɗe take ta Marwa in kun samu sarari.

Na gode da wannan fili, Allah ya bamu zaman lafiya a Kamaru da Najeriya da Chadi da Nijar baki ɗaya, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu. Wassalam.

Naka mai karatu,
wani magidanci daga unguwar Domayo, Marwa